Shafin da Otilia Ba Ta Juya Ba

Shekara ashirin da uku ke nan Otilia Barrientos tana hawa matakala huɗun da ke kaiwa kujerar karatu a zauren naɗin taba na Santa Brigida, kuma har yau ta ukun ba ta daina yi mata kuka ba. Ta yi magana har ta gaji. Kafinta ya zo ya duba, ya sha kofi, ya kama gabansa.

Aikinta karatu ne, ba wani abu ba. Mutum tamanin da 'yan kai ne suke zaune layi-layi a ƙasanta, kowa da katakonsa da wuƙarsa da tulin ganyensa, hannuwa na ta naɗi, ita kuma tana zuba musu duniya ta lasifika: jarida da safe, littafin labari bayan an ci abinci. In abu ya yi musu daɗi sai su ƙwanƙwasa wuƙa a katako, kas-kas-kas, zaure ya ɗauka. In ya ɓata musu rai sai su ja bayan wuƙar, ƙiiii, har haƙoran mutum su mutu. Da ƙwanƙwasar nan suka zaɓe ta, da jan nan kuma suka sauke wanda ya gabace ta, wani mai gashin baki da aka kama yana tsallake labarin yajin aiki don ya faranta wa mai masana'anta. Dokar kujerar ɗaya ce, ba a kuma rubuta ta ko'ina ba: abin da ke kan takarda shi za a ji, ba ƙari, ba ragi.

A layin gaba, daidai saitin ƙafarta, nan Nemesio Taveras yake zama. Ita ta riƙe 'yarsa Yudelka ranar baftisma, don haka tun daga ranar sunanta ya fita daga bakinsa, sai Komadre, ita ma sai Kompadre, yadda uwar baftisma da uban ɗa suke kiran juna a can. Tun yana ɗan shekara bakwai yake cikin taba, bai taɓa leƙa aji ba, ko takardar asibiti sai dai ya dangwala yatsa. Ga shi yanzu yanar ido ta fara rufe masa gani. Amma fa yatsun nan nasa ba ruwansu da ido. Ko ɗaure masa fuska aka yi da tsumma, zai naɗa maka karan da za ka ji kunyar sa masa wuta.

Yudelka nas ce. Ta bi wata ƙungiyar likitoci zuwa wani birni can hayin teku da niyyar wata shida, sai wutar yaƙi ta tashi, aka rufe hanya da ita a ciki. Wata goma sha ɗaya ke nan. Kira ba ya shiga, saƙon murya ba ya fita, sai ɗan rubutu layi biyu ko uku, shi ma in an yi sa'a sau ɗaya a mako biyu. Duk ran da wayar ta yi ƙara a aljihun Nemesio, zai ajiye wuƙa, ya goge hannu a riga, ya miƙa ta sama wajen kujerar karatu. Ga 'ya'yan 'yan'uwa masu boko cike da gari, ga Fadan coci, ga mai kemis, amma ina!

"Abin da bai fito daga bakinki ba, Komadre, iska ce," haka yake cewa. "Su wane, abin da suke so in ji za su karanta mini."

Wato dai hanya ɗaya yarinyar nan take bi ta iso wurin ubanta, hanyar kuwa bakin Otilia ce. Ta san da haka, tana kuma taƙama da shi, kada ma wani ya ce maka ba ta yi.

To, akwai kuma maganar jakada. Jakadan ƙasar nan a Majalisar Ɗinkin Duniya ɗan lardin nan ne, kuma duk Kirsimeti sai an aika masa da akwatin taba daga Santa Brigida, naɗin Nemesio. Shekara tara ana yi. Mutumin ko gaisuwa bai taɓa aikowa ba, amma je ka gaya wa Nemesio. Tun da aka fara cewa za a kaɗa ƙuri'a kan ƙudurin tsagaita wuta a birnin da Yudelka take, ya bi ya ishi kowa.

"Yatsun da suka riƙe tabata ba za su danna abin banza ba. Ni na san hannun mutumin nan. Ba ya son naɗi mai tauri, ka ga kuwa zuciyarsa ma haka take."

"Kai Nemesio," in ji Zenaida, wadda ke zaune kusa da shi, mai bakin da ba ya zuwa hutu, "yo ko ya san kana duniya? Ƙila ma direbansa ke zuƙe ta."

"To direban zai gaya masa."

Aka yi dariya, har da shi. Amma dariyar da tsoro a ƙarƙashinta, don a watan jiya, ran da Otilia ta karanta cewa bam ya faɗa kusa da wani asibiti a birnin, Nemesio ya sulale daga kan benci ba ko tari. Kwana huɗu ya yi a kwance. Likita ya ce zuciyar ta gaji, kada a ƙara girgiza ta.

Ran Talata, ana gobe jaridu za su kawo sakamako, Nemesio ya sa ta ta sake kwatanta masa yadda ake kaɗa ƙuri'ar, karo na nawa ma oho. Ta ce masa kowace ƙasa da kujerarta, kowace kujera da maɓalli uku. Kore e ne, ja a'a.

"Na ukun fa?"

"Rawaya. Na wanda ya zo amma ba ruwansa."

"Mutum ya sa kwat, ya hau jirgi, ya je har can ya ce ba ruwansa?" Ya girgiza kai yana lailaya ganye. "Wannan maɓallin don ado suka sa shi."

Ran Laraba da safe Otilia ta tsaya a rumfar mai jarida kamar kullum, ta karɓi ukun da take karɓa. 'Yan zaure ba sa kiransu da sunayensu, sun daɗe da raɗa musu nasu: Mai Lallashi, wadda ba ta taɓa ganin laifin gwamnati ba, Mai Ihu, wadda ba ta ganin komai sai shi, da 'Yar Caca, da ake saye don lambobin caca da hotunan 'yan ƙwallo. Ta zauna a bencin da ke gindin mangwaron bakin coci, ta buɗe.

Mai Lallashi ta cika shafin farko da hoton jakada a tsaye, hannu a ƙirji. JAKADANMU YA YI WA DUNIYA HUƊUBAR ZAMAN LAFIYA. Jawabin kuwa, kai, zuma! Yara, iyaye mata, asibitoci, hawayen da ba shi da ƙasa. An ce ƙudurin ya wuce da gagarumin rinjaye, an ce an yi tafi. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe: ci gaba a shafi na shida. A shafi na shida, tsakanin tallan firji da sanarwar rasuwa, sakin layi ɗaya tal ya ce ƙasarmu, bisa la'akari da dangantakarta da manyan ƙawayenta, ta ƙaurace wa ƙuri'ar. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Mai Ihu ta rubuta ABIN KUNYA da jan tawada, amma kafin layi na biyar ta manta da yaƙin, ta koma kan kwangilar gadar da take cewa an cinye. Ko sunan birnin ba ta rubuta daidai ba. 'Yar Caca ta ba abin layi huɗu a ƙarƙashin lambobin jiya.

Ta daɗe a zaune. Rana tana ratsowa ta cikin ganyen mangwaro tana yawo a kan takardar, baƙaƙen suna ɓacewa suna dawowa. Otilia ba ta taɓa fita ƙasar nan ba, babban birni ma sau biyu ta je, amma zauren Majalisar nan ta san shi kamar ɗakinta saboda yawan karanta shi. In ta lumshe ido zauren naɗi take gani, an dai faɗaɗa shi: ƙasashe zaune layi-layi, kowace da katakonta, fanka tana juyawa a hankali can sama. Ga ƙaton allo a bango, fitilunsa suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, kore, kore, kore, kamar gonar taba bayan ruwan farko. Ga jakada da karan tabar Nemesio a tsakanin yatsu, ba wuta, yana juya shi, yana juya shi. Ya kalli dama, ya kalli hagu, ya kalli wayar da ke gabansa. Sannan ya miƙa ɗan ƙaramin yatsa, kamar mai cire ƙuda daga kofi, ya taɓa rawaya.

Ƙararrawar coci ce ta dawo da ita.

A ƙofar masana'anta Zenaida ta tare ta, ta ja ta gefen tankin ruwa.

"Kin gani?"

"Na gani."

"Mu ma duk mun gani a waya. Nemesio kaɗai ne bai sani ba. Na bi layi-layi na ja wa kowa kunne, wanda ya yi suɓutar baki zan naɗe harshensa in sa masa wuta." Ta rage murya. "Doña Otilia, ki karanta masa na gaban nan kawai. Ai ba ƙarya a ciki. Mutumin ya yi jawabi ko bai yi ba? Ya yi. Ƙuduri ya wuce ko bai wuce ba? Ya wuce. To shi ke nan."

"Akwai shafi na shida."

"Shafi na shida na masu sayen firji ne! So kike ki sake ganinsa a ƙasa? Wannan karon ba asibiti za mu kai shi ba, ke ma kin sani."

"Zenaida, shekara ashirin da uku ban taɓa..."

"Riƙe shekarunki. Wa zai ja miki wuƙa? Mu ne masu wuƙar, mu muka ce ki tsallake."

Otilia ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Sai da ta taka matakala ta uku sannan ta tuna ai haka jakada ya yi jiya, kunya ta rufe ta.

Al'ada ce ta ɗaga jaridun ɗaya bayan ɗaya a zaɓi ta farko. Ko gama ɗaga Mai Lallashi ba ta yi ba, zaure ya kaure da ƙwanƙwasa. Mutanen da kullum Mai Ihu suke zaɓa don su samu abin zagi! Nemesio ya ɗaga kai, ya karkata kunne. Ta gyara tabarau, ta hura makirfo, ta fara.

Wanda ya daɗe a kujerar nan ya san baki yana iya tafiya shi kaɗai, mai shi ya tafi yawonsa. Zafi ya fara saukowa daga kwanon rufi, ƙamshin ganye mai laima ya cika wuri, mai nauyi, mai ɗan zaƙi, irin wanda ke sa ido ya yi ta lumshewa. Muryarta tana nan tana faɗin yara da iyaye mata, ita kuwa tana can hayin teku. Ta ga Yudelka a wata doguwar baranda mara fitila, farar rigarta ta koma kalar toka, tana tafe da bokitin ruwa. Ta juyo, sai fuskar ta zama ta jaririyar nan da ta yi wa Fada atishawa a fuska ranar baftisma. Sararin birnin ya yi tsit. Tsuntsaye suka dawo kan wayoyin lantarki, mutane suna fitowa daga ramuka suna kakkaɓe gashi, wata tsohuwa tana shanya zane a kan abin da ya rage na katangarta. Otilia ta so ta zauna a can. Ta so ƙwarai a ce a nan labarin ya ƙare.

Sai kuwa ta ƙare shi a nan. "Aka kuma amince da ƙudurin da gagarumin rinjaye, zauren ya kaure da tafi." Idonta ya sauka kan ƙananan baƙaƙen nan na ƙasa, ya tsallake su. Ta ninke jaridar.

Kas-kas-kas-kas! Wuƙa tamanin a lokaci ɗaya, har garin taba yana tashi daga katako. Zenaida har da ihu. Wani daga baya ya ce, "Nemesio, tabarka ta yi aiki!" Wani ya ce bana a yi wa jakada akwati biyu.

Nemesio bai ƙwanƙwasa ba. Karan da ke hannunsa rabi ne, ya ƙarasa naɗa shi a hankali, ya shafa masa ɗan danƙo a kai, ya ajiye. Ya jawo wani ganyen.

Ta wuce zuwa labarin farashin shinkafa, ta karanta na ƙwallo, ta karanta sanarwar ɗauke ruwan famfo, murya lafiya lau.

Da tsakar rana aka watse cin abinci. Ita a inuwar bayan zaure take ci, kan wani tsohon akwatin ganye, Nemesio ma nan yake kawo kwanonsa tun rasuwar matarsa. Ya zo ya zauna, ya buɗe shinkafa da wake da soyayyar agada, ya tura mata rabin fiyarsa kamar kullum. Sai da ya yi loma uku.

"Komadre."

"Na'am, Kompadre."

"Labarin shafin farko na Mai Lallashi kara uku ne."

"Me?"

"Kara uku nake naɗawa kafin ki gama shi. Kullum. In shugaban ƙasa ne ya yi magana, huɗu. A tsakiyar na biyu kike juya shafi, ina jin takardar a lasifika, ki lashi yatsa, ki ce 'ci gaba'. Yau ɗaya da rabi na naɗa." Ya tauna a hankali. "Ban ji takarda ba."

Ta ajiye cokali.

"Kuma tun da nake ban taɓa jin Zenaida ta yi wa gwamnati ihun murna ba. Ido ne ba ni da shi, Komadre."

"Likita ya ce..."

"Ba likita muka zaɓa ya hau kujerar can ba. Jaridar tana jakarki. Karanta mini."

Ta ciro ta. Ta buɗe shafi na shida, takardar ta yi ƙarar da ya kamata ta yi tun da safe. Ta karanta masa sakin layin kalma-kalma, har da "bisa la'akari". Tana karantawa tana satar kallon ƙirjinsa, ta riga ta shirya ihun da za ta yi a kawo mota.

Bai faɗi ba. Ko kwanon bai ajiye ba.

"Wato rawaya," ya ce.

"Rawaya."

"Yana zaune a wurin?"

"Yana zaune."

"Da hannunsa?"

"Da hannunsa, Kompadre."

"Hm." Ya daɗe yana fuskantar katanga. "To ai ni ban san shi ba. Taba kawai nake naɗa masa. Mutumin da ko muryarsa ban taɓa ji ba shi zai kashe ni? Haba."

Wani sanyi ya sauko mata, har ta fara murmushi. Baiwar Allah, ta ɗauka an wuce wurin.

"Na Yudelka fa?" ya ce.

"Me ya samu Yudelka?"

"Saƙonninta. Su ba su da takarda, balle in ji an juya shafi. Gajeru ne, ko rabin kara ba sa kaiwa, ba ni da abin auna su." Ya juyo da idanun nan masu yana, ya saita su daidai fuskarta. "Nawa kika tsallake?"

"Ko ɗaya! Na rantse da kabarin uwata, Kompadre, ko harafi. Ran da ta ce kwanansu biyu ba ruwan sha, ban karanta maka ba? Ran da ta ce abokiyar aikinta ta rasu fa?"

"Kin karanta."

"To?"

"To wanda ya fi waɗannan muni fa? Ai shi za ki tsallake. Saboda likita."

Gaskiya ta faɗa, Allah ya sani, ko ɗigo ba ta taɓa rage masa ba. Amma da wane baki za ta tabbatar? Bakin dai shi ne wanda ya yi shiru da safe. Shi kuwa ya rufe kwanonsa, ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya ce mata a ci lafiya, da ladabi, yadda ake ce wa matar mai masana'anta.

Da aka dawo, kafin ta buɗe littafin labari, ta karanta shafi na shida ta lasifika. Ta ce da safe ta tsallake shi, laifinta ne, mai ja ya ja. Kowa ya sunkuyar da kai kan ganyensa. Yo wa zai ja? Da an ja ma da ta fi samun sauƙi. Zenaida ta share ido da gefen riga, ta ce ita dai alheri ta nufa, kuma gobe ma haka za ta yi, wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Kwanaki suka yi ta wucewa a hankali. Jaridu suka yi mako guda suna jan maganar. Mai Lallashi ta kawo wani farfesa ya yi bayanin cewa ƙauracewa ita ma wata irin e ce, ga masu zurfin tunani. Mai Ihu ta nemi jakada ya yi murabus, washegari ta manta. Otilia ta karanta duka, tana juya kowane shafi dab da makirfo, da gangan, har takardar tana cika kunne. A can birnin ba a tsagaita komai ba. Nemesio yana zuwa, yana naɗi, yana gaishe ta, abincinsa dai ya koma ci a bencinsa. Da lokacin akwatin Kirsimeti ya yi, ya naɗa shi tsaf kamar kowace shekara. Ya ce ganyen bai yi masa laifi ba.

Kwana goma sha tara ba saƙo. Otilia ta daina fita inuwar bayan zaure, sai ta kishingiɗa a kujerarta lokacin hutu, zafi ya ɗauke ta. Mafarkin ɗaya ne kullum: tana karatu, baƙaƙen suna tashi daga takarda da fiffike, suna fita ta taga su nufi teku, ita kuma tana ta kiransu ɗaya-ɗaya, ba wanda yake waiwayowa.

Rana ta ashirin, wajen ƙarfe sha ɗaya, tana tsakiyar labarin farashin man fetur, waya ta yi ƙara a layin gaba. Duk zauren ya san ƙarar nan. Hannuwa suka tsaya cak.

Nemesio ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a riga. Ya ɗan yi jim. Sannan ya miƙo wayar sama.

Wayyo, daɗin da ta ji! Ta karɓa hannu bibbiyu, ta kashe makirfo, ta sunkuyo. Ba ta ma bari idonta ya riga bakinta ba.

"Baba, an fitar da mu. Jiya motocin ƙungiya suka tsallake iyaka da mu, mu goma sha huɗu. Ina lafiya, ƙafata ce kawai ta kumbura. Na yi wanka da ruwan zafi. An ce jirgi ran Asabar ta sama. Ka gaishe mini da Inna Otilia."

Zenaida, da kunnenta ke kaiwa ko'ina, ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. Labari ya bi layi-layi, wuƙaƙe suka ɗauka, wannan karon na gaske, har fanka kamar ta faɗo.

Nemesio yana tsaye, fuskarsa ba ta motsa ba. Sauraron ƙwanƙwasar yake yi, kai a karkace.

"Na gode, Komadre," ya ce. Ya buɗe tafin hannu, ta sa masa wayar.

Ya bi ta tsakiyar layuka yana laluben gefen tebura. Ya wuce mutum tamanin da suka san shi tun yana da baƙin gashi, kowa yana miƙo hannu yana taɓa shi, bai tsaya ba. Ya fice. Ta tagar da ke bayan kujerarta Otilia tana hangen titi, fari fat da rana. Ta gan shi ya tsaya a bakin hanya, wayar a hannu. Mai kemis ya leƙo ya ƙwala masa kira, bai juya ba. Wani ɗan acaba ya rage gudu ya gaishe shi, ya yi masa hannu ya wuce. Yana nan tsaye har motar babban birni ta iso ta tsaya, wata mata ta sauko da jaka. Nemesio ya matsa, ya cire hula, ya tambaye ta wani abu. Ta girgiza kai, ta nuna motar, alamar ita baƙuwa ce, yanzu ta sauka. Sai ya miƙa mata wayar.

Matar ta ajiye jaka, ta kare wayar daga rana da tafin hannu. Otilia ba ta jin komai ta cikin gilashi, amma tana ganin leɓunan matar, ta kuma san kowace kalma kafin ta fito. An fitar da mu. Mu goma sha huɗu. Ruwan zafi.

A wajen ruwan zafin ne Nemesio ya gaskata. Ya zauna daɓas a bakin kwalbati, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Baƙuwar ta durƙusa ta dafa shi tana waige-waige, ba ta san ko kuka yake ko dariya ba. Ya lalubo hannun matar nan da ko sunanta bai sani ba, ya ɗora a goshinsa, ya riƙe.

Otilia ta yi murna, wallahi ta yi murna, yarinyar tana raye. Amma ba ta taɓa jin zafi irin na murnar nan ba.

A cikin zaure an koma naɗi. Can wani daga layin baya ya ce, "Doña Otilia, man fetur ɗin fa?"

Ta kunna makirfo, ta buɗe baki, ba abin da ya fito.